Tafintan Mardiya

Malam Harun mutum ne da ko burodi ba ya fita saye sai ya naɗa rawani. Ya daɗe a Alƙahira yana neman digirin dakta, kuma duk wanda ya zauna da shi sai ya san haka kafin shayi ya huce. Ni Mahasin maƙwabciyarsu ce a unguwar Faisal, ƙofa na kallon ƙofa. A Sudan aka haife ni, amma da Hausa na tashi, shi ya sa matarsa Mardiya ta ɗauke ni yaya. Shi kuwa tun farko jininmu bai haɗu ba, ban kuma ɓoye masa ba.

Ɗansu na fari, Muslim, ya yi tafiya har da gudu. Daga baya ƙafa ta fara harɗewa, magana ta ɗauke, ya koma kwance sai ido. Mardiya irin matan nan ne masu kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ta ce "yaron nan". Amma na sha samunta tana kuka a kicin.

Suka kai shi wajen wata likitar yara a unguwar Dokki, Dakta Rania, tana cikin masu bincike kan irin wannan ciwon ƙwaƙwalwa. Larabcin Mardiya bai wuce "tamam" da "ma'alish" ba, don haka Malam ya zama tafinta. Ta ba ni labari cewa likita ta yi dogon bayani, tana ta nuna jaririyarsu Khairat da ke goye. Da ta tambayi mijin, sai ya ce, "Cewa ta yi a ci gaba da addu'a."

Duk wannan bayanin? Na yi mamaki, amma na kama bakina.

Watanni suka shuɗe, Khairat ta fara takawa. Ran nan maganin farfaɗiyar Muslim ya ƙare, Malam kuwa yana shirin kare kundinsa, ina ya ga lokacin asibiti. Sai ni na raka ta, muka bar Khairat wajen 'yata.

Likita na ganinmu ta miƙe tsaye. "Ina yarinyar? Tun bara nake kiran wayar babanta!"

Ta sake bayani daga farko, ina fassarawa. Ciwon gado ne, sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi a jini ba su sani ba. Akwai maganin da ake gwadawa a waje: a ɗebi ƙwayoyin ɓargon yaro, a gyara abin da ya gada a lalace, a mayar masa. Amma ba ya aiki sai kafin alamu su bayyana. Na Muslim ya riga ya wuce. Khairat take so a auna, in tana da shi ta nema mata gurbi a gwajin maganin.

Ban rage kalma ɗaya ba. Muna isa gida Mardiya ta ɗauki Khairat ta shige ɗaki.

Ni ce na kasa haƙuri. Na sami mijin a falo, littattafai sun kewaye shi. "Malam, don me ka ɓoye mata?"

Ko gezau. Ya gyara tabarau. "Hajiya, ba ki san gidanmu ba. Mardiya 'yar baffana ce, kakanmu ya haɗa auren, haka ake yi wa kowa a zuri'ar. In aka ji akwai cuta a jininmu, wa zai nemi ƙannena mata? Yarinya lafiyarta ƙalau, a je a tono mata ciwo? A bar kaza cikin gashinta, khalas, shi ke nan."

Ka ji fa. Mutumin da zai cika maka kunne da hukuncin amana, an ba shi amanar magana ya kai wa matarsa, ya haɗiye. Wallahi ban taɓa raina namiji kamar yadda na raina shi a wannan zaman ba.

Washegari muka koma Dokki da Khairat. Ya biyo mu da rawaninsa, wai kada a ce mata sun fita su kaɗai. Likita ta sauke yarinyar ƙasa, ta ja da baya tana kaɗa mata 'yar tsana. Khairat ta taho tana dariya. Ba ta yi nisa ba ƙafar hagu ta harɗe, ta faɗi. Ta miƙe, ta sake harɗewa. Likita ta daɗe tana ƙwanƙwasa mata gwiwa, tana murza tafin ƙafar. Sannan ta ajiye 'yar tsanar, ta yi magana a hankali, idonta a kan uwar.

Malam ya yi gyaran murya zai fassara.

"Bar shi, Malam," in ji Mardiya. Ta ɗauki 'yarta ta rungume. "Na ji. Haka Muslim ya fara."

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar.