Shanun Shugaban Ƙungiya

Alhaji Maniru ne shugaban ƙungiyar raya Fillanci a Bodinga, ko da yake gaisuwa kaɗai ya iya. Da mahaifinsa ya rasu a Lambara, ya gaji shanun tsohon, waɗanda tun suna maruƙa da Fillanci ake kiransu.

Ya shiga garke da babbar riga, ya kira su da Hausa, ya daka musu tsawa da Turanci. Ko kunne ba su kaɗa ba. Ranar kasuwa ya sa aka loda su a tirela, wai taurin kai gare su.

Ƙanwarsa Kulu ta bi motar da kallo, ta ce, "Yaya, masu jin Fillancin gidanmu ke nan ka ba mahauta."

Ya duba agogo, ya ce taron ƙungiya na jiransa.