Hannun Rigar Dogo

Tun da likita ya gaya wa tsohon tela cewa hawan jininsa ba ya son zama, kullum da safe sai ya ƙwanƙwasa ƙofar abokinsa Dogo, tsohon direba, su fita miƙe ƙafa. Telan ya fi son layin bayan makaranta, don akwai inuwa, babu ramuka, ga benci a ƙofar kafinta inda mutum zai hutar da gwiwa. Dogo kuwa babban titi yake so, wai ƙarar mota ce ke motsa masa jini.

"Kai da ka tsufa a kan keken ɗinki, biyo ni kawai," in ji Dogo kullum, ya wuce gaba.

Sai ga shi watan nan Dogo ya fara cijewa a mararraba yana waige-waige. Mutumin da ya shekara talatin yana tuƙi, kwanar gidansa ta ɓace masa. Telan bai gaya wa kowa ba. Sai ya riƙa kama masa hannun riga yana cewa, "Taimake ni, gwiwar nan ta motsa," alhali shi ke jan sa zuwa gida. Ya san halin 'yar Dogo. In ta ji, kulle shi za ta yi, Dogo kuwa a kulle ba zai daɗe a duniya ba.

Ranar Talata gwiwar ta kumbura da gaske, ko tsakar gida ya kasa kaiwa. Ya zauna bakin gado yana kallon agogo. Bakwai saura kwata. In bai je ba Dogo zai fita shi kaɗai, kuma babban titi zai nufa.

Ya ɗauki waya, ya ajiye, ya sake ɗauka ya kira 'yar Dogo.

"Baba, lafiya da sassafe haka?" in ji 'yar Dogo.

"'Yata, babanki ya fita?"

"Hularsa yake nema. Wai kun makara, yau shi zai biyo muku."

"Kar ki bar shi. Ya daina gane hanya. Sati uku ke nan."

Ta ce, "Sati uku, Baba? Kuna gani kuka rufe ni?"

Ta cikin wayar telan ya ji an zura sakata, sannan muryar Dogo daga nesa.

"Ke, wa ya rufe ƙofa? Rana na yi fa. Da wa kike magana? Ba ni nan."

Numfashi ya matso kusa da wayar.

"Tela? Kai ne? Me ka gaya mata?"