Ranar da Tela Ya Rufe Shago a Jajibere

Ina cikin kwaɓa fulawar cincin na ji hayaniya ta kaure a ƙofar shagon Baba Ɗanladi, na ɗauraye hannu na yafa mayafi na fita. Lahadi ce, kuma jajiberen ƙaramar Sallah, lungunmu na Gwale ya cika ya batse da masu zuwa kitso, masu lalle a hannu, da yara rungume da kaji. Mata sun yi cincirindo a bakin shagon, kowacce tana kiran kayanta. Ni ma rigar jikata Sadiya tana ciki, ko hannu ba a ɗora mata ba.

Baba Ɗanladi tela ne, kuma shi kaɗai ne Kirista a lungun. Tun yana saurayi ya zo daga ƙauyensu koyon ɗinki wajen surukina, ya zauna har gemu ya yi fari fat. Katanga ɗaya ta raba mu. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Jos, sun yi sun yi ya koma wajensu ya ƙi. Tun farkon azumi ƙafafunsa suka kumbura, likita ya ce zuciya ce, a huta. To ina tela ina hutu a watan azumi?

Da ya buɗe ƙofa sai ga shi cikin farin kaftani, ya kafa hula, yana ƙamshi kamar ango. Ya ce da matan su yi haƙuri, coci za shi. Nan fa wuri ya hargitse. Wata ta ce coci ba gudu za ta yi ba, Sallah kuwa gobe ce. Sadiya ta kama gefen rigarsa ta ɓare baki, shi kuma tsohon nan ba ya iya ganin hawayen yaro. Ya koma ciki ya zauna gaban keken ɗinki, ya jawo atamfarta, har ya ɗora ƙafa zai taka. Sai ya tsaya, ya sauke ƙafar a hankali.

"Maman Mubarak," ya ce da ni, "duk Lahadin azumin nan keken nan ne ya cinye mini su. Kullum sai in ce wani makon. Yau ake Jibin Ubangiji, kuma jikina yana gaya mini ba ni da wani makon."

Jibin Ubangiji, yadda marigayiya matarsa ta taɓa yi mini bayani, ɗan burodi ne da ɗan abin sha da suke karɓa a coci don tunawa da Yesu Almasihu. Ba addinina ba ne, amma na san idon mutumin da ya ji kira. Tausayinsa ya kama ni, sannan wani ƙarfi ya zo mini. Na juya na wanke matan nan tas, na ce wadda ta matsu ta sa na bara, ba a taɓa korar mutum daga Idi don tsohuwar atamfa ba. Na tura Sadiya ta taso babanta Mubarak, ɗana, mai tuƙa adaidaita sahu.

Lungunmu adaidaita ba ta shiga, don haka Mubarak ya goya shi har bakin titi, tsohon yana dariya yana cewa rabonsa da goyo tun na uwarsa. A cikin adaidaita na zauna kusa da shi ina tallafe da kafaɗarsa. Mubarak ya ce hanyar kasuwar Kwari ba ta ɓullewa yau, sai dai mu bi ta Ƙofar Mazugal mu faɗa Sabon Gari, inda cocinsu take. Ashe can ma an toshe. Masu takalma sun baza kaya har tsakiyar titi, masu baro suna ihu, motoci sun cushe ko allura ba za ta wuce ba.

Ana cikin haka wayar Baba Ɗanladi ta ɗauki ƙara. Alhaji Ismail ne, wani mai kawo masa ɗinki, yana neman babbar rigarsa, har ya ce zai aiko mota a maido shi shago. Sabo ai turken wawa ne. Baba Ɗanladi ya manta da inda za shi, ya shiga bayanin aikin wuya da launin zare, idonsa har ƙyalli yake. Can sai ya katse maganar, ya miƙo mini wayar ya ce in kashe masa ita, shi in yana riƙe da ita ba zai iya ba.

Numfashinsa ya fara sarƙewa, gumi ya jiƙa hular. Tsoro ya kama ni, na ce mu juya asibiti.

"In an tashi sai ku kai ni," ya ce. "Hajiya, kar ki zama ke ce ta ƙarshe da za ta tare ni."

Mubarak ya diro daga adaidaita ya shiga tsakiyar titi yana ɗaga hannu, wai ya ɗauko dattijo marar lafiya da yake sauri wurin ibada. Wani mai takalma ya tambaya wane masallaci. Da aka ce coci ne, ya ɗan yi turus, ya leƙo ya ga tsohon, sai ya tattare tabarmarsa. Na kusa da shi ma ya ja tasa, masu baro suka kauce, wani ɗan dako ya shiga gabanmu da gudu yana buɗa hanya. Ni kuwa, da azumi a bakina, na leƙa kai ina ta sa wa jama'a albarka, har na manta da shekaruna.

Tun daga nesa muka jiyo ganga da waƙa. Baba Ɗanladi ya gyara hularsa, bakinsa yana bin waƙar ba sauti. Wasu maza biyu suka tare shi a ƙofa suka shiga da shi, ƙafafunsa da ƙyar suke taɓa ƙasa. Mu muka zauna a inuwar katanga, ina ta tunanin ko mun makara, ko an riga an raba.

Da aka tashi jama'a suka fito, shi bai fito ba. Sai ga fasto, wani dogo mai furfura, yana tambayar waɗanda suka kawo Malam Ɗanladi. Da na ga fuskarsa na gane tsohon ya cika. Mubarak ya yi salati, ni kuwa wata tambaya ce ta riga hawayena fita.

"Ya samu?"

"Ya samu, Hajiya. Da shi na fara."

Ya kai ni bakin ƙofa. Baba Ɗanladi yana zaune a bencin baya, ya jingina kai da bango, idonsa a rufe. Ɗan ƙaramin kofi yana tsakanin yatsunsa, babu komai a ciki.