Hannun Dama na Aro

Tun da hawan jini ya kayar da Kailu a shagonsa na kasuwar Black Market da ke unguwar Adjamé a Abidjan, ya shanye masa hannun dama, kalmar nakasa ta manne masa kamar ƙaya a riga. "Kawo kujera, nakasasshe ne." "Bar masa, ya nakasa." Har shayi sai a ce za a fifita masa! Shi dai ya kan yi tsaki ya karɓe kofinsa.

Da safiyar wata Talata aka aiko masa Adjamé cewa Harouna ya rasu. Amininsa ne tun suna samari, kuma sun yi alkawari: wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai yi masa wanka. Kailu bai tsaya kuka ba, ya tare tasi a layin Roxy sai unguwar Treichville, inda gawar take.

A ƙofar ɗakin wankan gawa Lukumanu, babban ɗan mamacin, ya tare shi. Haihuwar Abidjan ne, ma'aikacin banki, Hausarsa sai da dogara da Faransanci.

"Kawu, ka huta. An samo masu yi. Kai yanzu handicapé ne."

"Faɗe ta da Hausa mana, ba ta cizo. Nakasasshe. Na karɓa, ga hannun nan kowa na gani." Ya ɗaga shi da na hagu, ya sake, ya faɗo laƙwas. "Nakasa ragi ce, ɗana. An rage mini hannu ɗaya. Wa ya ce maka an rage mini alkawari?"

"To yaya za ka juya gawar?"

"Ba zan iya ba. Kai za ka juya."

Lukumanu ya ja da baya. Tsoro ne fal cikinsa, ko fuskar uban bai yarda ya kalla ba tun asuba. Kailu kuwa ko a jikinsa, ya tura ƙofa da kafaɗa ya shige.

"Naɗe hannun rigarka. Hannunka na dama nake so, aro za ka ba ni."

Haka aka yi. Kailu na zuba ruwa da hagu yana faɗin inda za a bi, Lukumanu na cuɗawa. Da aka zo kan gemu sai Lukumanu ya dakata. Ya daɗe yana shafa furfurar ubansa, hawaye na zuba.

Kailu ma kukan ya zo masa, bai ɓoye ba. Ya sunkuya daidai kunnen amininsa.

"Harouna, na zo. Da ɗanka na zo."