Jikar Mai Gadin Kabari

A garin Toledo na Amurka, duk wanda ya haura arba'in ya san Mai Gadin Kabari. Shi ne mutumin da tashar talabijin ta garin ke sakowa kowane daren Asabar, fuska fara fat da hoda, riƙe da fitilar ƙwai, ya gabatar da fim ɗin dodanni yana katse shi da barkwanci da tallar katifa. Corinne kuwa ta san shi da sunansa na yanka, Walt Dombek, domin mahaifinta ne.

Shekara ashirin da biyar da rufe shirin, masoyansa suka kama zauren coci don bikin tunawa. Da rana tsaka Corinne ta turo tsohon a keken marasa lafiya, 'yarta Junie mai shekara shida na tsalle a gefe. Zauren cike yake da maza masu tumbi da furfura, kowa sanye da baƙar riga mai hoton fuskarsa, kowa na ba da labarin yadda yake lallaɓowa falo bayan iyayensa sun yi barci, ya rage murya, ya manna hanci a gilashin talabijin.

Duane, wanda ya shirya bikin, ya kama hannunta da hannu biyu.

"Ke ce 'Yar Akwati ko? Ihun nan naki, na rantse har yau ba a yi irinsa ba. Sati guda na yi ina kwana da fitila a kunne."

Ta zare hannunta a hankali. Abin da Duane bai sani ba shi ne, ranar Laraba da rana ake ɗaukar shirin. Ranar da aka ɗauki wancan ihun, uwarta na wurin aiki, babu mai raino, sai mahaifinta ya tafi da ita, ya kwantar da ita cikin akwatin gawa na wasan, ya ce in an buɗe ta yi ihu. Na'urar ɗaukar hoto ta lalace. Ma'aikata suka fita shan taba, daga nan suka zarce cin abinci. Sakatar akwatin ta waje ce. Da suka dawo, sai da suka gyara na'ura suka kunna kafin su buɗe. Shekara biyar ana fara shirin da wannan ihun, har yau kuma Corinne ba ta iya barci ƙofa a rufe.

Ga akwatin can kan dandamali, an yi masa sabon fenti.

Ta juya neman Junie, sai ta hango ta kusa da keken kakanta, wata mata na shafa mata hoda.

"Mama, ni ce zan shiga. Kaka ya ce minti biyu kawai."

Corinne ta nufi akwatin. Ta hau dandamalin, ta ɗaga murfin, ta shafa cikinsa. Sakatar na nan inda take, ta waje.

"A cire murfin," in ji ta da ta sauko.

"Akwati ba murfi ai kwale-kwale ne," Walt ya ce, na kusa suka yi dariya. "Ƙarar murfin nan ita ce shirin, 'yar nan."

"Baba, minti nawa kuka bar ni a ciki?"

"Haba Corinne, yau ma? Goma ne."

"Arba'in."

"To mutuwa kika yi? Ga ki nan da ƙafafunki, har da 'ya." Ya yafito ta, ta sunkuya, ya rage murya. "Kin ji abin da likita ya faɗa. Ba zan ga wata bazarar ba. Sau ɗaya nake roƙo, ni da jikata a gaban mutanena."

Maganar ta taɓa ta, don ita ta kai shi wurin likitan. Ta dubi hannunsa da ke kan cinyarsa, hannun da ko kofin shayi ba ya iya riƙewa, balle murfin katako. Ta dubi Duane, wanda tuni ya juya baya yana gardama da wani kan shekarar da aka nuna fim ɗin ƙaton gizo-gizo. Shi ne zai tuna da buɗewa ke nan?

"A'a, Baba."

Ta ciro ƙyalle daga jaka, ta durƙusa ta fara goge fuskar Junie. Yarinyar ta fizge, ta shure ta a gwiwa.

"Kullum ke ba kya bari a yi komai. Ni na fi son Kaka."

"Na sani. Ɗago haɓarki."

Ta saɓe ta a kafaɗa tana wutsil-wutsil, ta ratsa tsakiyar jama'a. Kafin ta kai ƙofa, mahaifinta ya karɓi makirfo, tsohuwar muryar nan mai kauri ta cika zauren.

"Ku yi haƙuri, ya ku mazauna kabari. 'Yata ce. Tun tana ƙarama matsoraciya ce."

Zauren ya kece da dariya har da tafi.

A mota ta ɗaure Junie a kujerarta ta baya, yarinyar ta juya fuska ga taga tana shessheƙa. Corinne ta zauna, makulli a hannu, tana jin tafin ta bango. Ba ta tayar da motar ba. Ƙarfe huɗu mahaifinta zai sha magani, kuma cikin mutum ɗari biyun da ke kiran sunansa babu wanda ya san wace ƙwaya ce.