Allurar Tsokanar Zuciya

Shekara goma sha ɗaya Ghali yana jan babbar mota a Riyad, duk Turancinsa bai cika cokali ba. Amma akwai kalmomi biyu da ko a barci aka faɗa masa sai ya zabura.

Zuciya ce ta kwantar da shi asibiti. Yana zaune lafiya sai ta ɗauki gudu kamar keken ɗinki. Da safe likita ya zo yana bayani, rabi Larabci rabi Turanci, Ridwan ƙanin matarsa, ɗalibin shari'a, yana fassara. Za a zura siririyar waya ta jijiyar cinya har zuciya, a ƙona ɗan wurin da ke tayar da fitinar.

"Ba'adain," in ji likita, wato daga baya, "drug test."

Kafin Ridwan ya buɗe baki, Ghali ya miƙe zaune, gumi ya karyo masa. Direbobi biyu ya sani a unguwar Gubaira da aka kira wa waɗannan kalmomi, yanzu suna gida, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba aiki.

"Wallahi, daktur, ba don maye nake sha ba! Tiramol ne, biyu kacal a rana, saboda ciwon baya. Ridwan, roƙe shi kada kafili, ubangidana, ya ji, 'ya'yana huɗu!"

Ridwan ya saki baki yana kallon mutumin da yake girmamawa kamar uba.

"Yaya, me ka ce kana sha?"

"Kai dai fassara!"

"Ba fitsarinka za su gwada ba," in ji Ridwan. "In sun gama ƙonawa, allura za su yi maka mai tsokanar zuciya. In wurin bai mutu ba, suma kawai ya yi, zai motsa su gani, su ƙara ƙona shi, don kada ciwon ya dawo. Gwajin ke nan."

Kunya ta rufe Ghali har ya rasa inda zai sa ido. Shekara huɗu yana ɓoye abin nan a cikin safa, yau ga shi ya zazzage shi da bakinsa, ba wanda ya tambaye shi!

Likita dai ya tsinci sunan ƙwayar. Ya tambaye shi yaushe ya fara, ya rubuta, ya ce gara da ya faɗa tun kafin a ba shi maganin barci.

Bayan kwana biyu aka yi aikin. Da allurar ta shiga, ƙirjinsa ya yi nauyi, zuciyar ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba da bugawa daidai. Wurin bai motsa ba.

"Mumtaz," in ji likita, wato madalla.

Da aka dawo da shi ɗaki, wayarsa na ta ruri. Ikilima ce, matarsa, daga Gusau. Ridwan ya ɗauko wayar, bai ko kalle shi ba.

"Yaya, kai za ka gaya mata, ko ni?"