Wayar Baba Ta Daina Gane Shi

Ni na saya wa Baba wayar, ni kuma na koya masa buɗe ta da fuska, tunda lambar sirri ba ta zama a kansa. Ya sa wata lamba dai don wayar ta nace, bai gaya wa kowa ba. Yakan yi dariya ya ce duk cikin 'ya'yansa wannan ce kaɗai ke bin umarni da kallo ɗaya.

A cikinta muryar Mama take. Kafin ta rasu takan aika masa saƙon murya daga gida zuwa shagonsa na ɗinki, yawanci faɗa ne kan ya ƙi cin abinci. Kullum da safe sai ya saurara kafin ya taka keken ɗinki.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Baki ya karkace, ido ɗaya ya sauka, magana ta ɗauke. Da muka dawo daga asibiti ya nuna wayar da hannunsa mai lafiya. Na riƙe masa ita a gaban fuska, ta ƙi.

Na kai wa mai gyara. Ya juya ta, ya yabi sabuwar fasahar kamar shi ya ƙera, wai ko ɓarawo ba ya iya yaudararta. Na ce ni ba ɓarauniya ba ce. Ya ce in ba lamba, sai dai a goge komai. Raina ya ɓaci, na karɓe abata.

A gida na zauna bakin gado, na taje masa gemu, na sa masa hular da ya saba. Na tallafe kuncinsa da yatsu biyu na ɗaga, ko fuskar za ta daidaita. Ya gane abin da nake yi, ya yi ta ƙoƙarin murmushi har miyau ya zubo. Wayar ta girgiza, ta daina neman fuska, ta koma neman lamba.

Ya daɗe yana kallon kansa a baƙin gilashin.

“Baba, rabu da ita,” na ce. “Ni na gane ka.”

Ya kama hannuna ya ɗora a maƙogwarona, ya matsa a hankali. Na share hawaye, na gyara murya irin ta Mama, na fara yi masa faɗa kan ya ƙi cin abinci.